Takardar da Ta Ce Yaya Mai Tarbiyya Ce

Wata biyar ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Sau uku na fara rubuta wannan magana, sau uku na yayyage takardar, don ina tsoron tona asirin gidanmu, ina kuma tsoron in faɗi abin da ba haka yake ba in ɗauki alhakin wani. Karatuna bai wuce firamare ba, shi ma da Faransanci aka yi mana. Hausar boko da girmana na koye ta wajen maigidana, Allah ya jiƙansa, wanda fatauci ya kawo shi Abijan daga arewacin Najeriya. In an ga kuskure a yi mini uzuri. Abin da ya sa na daure yau shi ne, duk wanda zan tambaya a kusa da ni, maganar za ta zagaya ta faɗa kunnen wadda ba a so ta ji.

A unguwar Bromakote aka haife ni, cikin Ajame, nan Abijan, a wani gidan haya mai ƙofa goma sha ɗaya da famfo ɗaya a tsakar gida. Hausawa ne suka fi yawa, sai Julawa ɗaki uku. Ba agogo ke tashe mu ba. Da an sallame sallar asuba za ka ji bokitai suna karo a bakin famfo, kowace mace ta kafa nata a layi ta koma hura wuta, sai tabarya ta ɗauka daga wannan kusurwa wata ta amsa mata daga waccan, can daga titi kuma masu gbaka, ƙananan motocin haya, sun fara kiran unguwanni da muryar da barci bai gama saki ba. Aikina shi ne shara da wanke-wanke kafin in sa rigar lakwal, don ni kaɗai ce a ɗakinmu aka bari ta shiga makarantar boko, kasancewar ni ce auta kuma Baba ya riga ya gaji da musu. Motocin da ke kai goro arewa su ne ke dawo mana da gero da kuka da daddawa da kanwa, kuma ranar da suka iso, gidan kan cika da wani ƙamshi da Inna ke cewa ƙamshin gida ne, alhali ni ban taɓa ganin gidan da take nufi ba. Yanzu babu wannan tsakar gida. An rushe ta, an ɗora bene mai shaguna, ana sayar da wayoyi daidai inda turminmu yake. Na wuce ta wurin bara na tsaya ina neman inda famfon yake, har wani mai shago ya tambaye ni ko caja nake nema.

A wancan zamanin ba a kiran abin da ya shafi jikin mace da sunansa. In mace tana al'ada sai ta ce ba ta salla. In tana da ciki sai a ce ta yi nauyi, ita kuwa ba za ta ce komai ba har sai zane ya ƙi ɗauruwa. In kanta yana ciwo ta ɗaure shi da kallabi ta ci gaba da tuƙin tuwo. Inna tana da wata magana da take maimaita wa duk mai jego: ciwon mace na kwana arba'in ne, in ta yi wankanta ta sha kununta, ya wuce ke nan, sai kuma wani cikin. Haka muka tashi muka yarda. A wurinmu haihuwa daban, tsufa daban, tsakaninsu babu hanya. 'Yan matan yanzu suna zuwa awo tun cikin bai fito ba, suna da ranar komawa a rubuce cikin waya, suna faɗin sunan kowane ciwo da Faransanci gaban iyayensu maza ba su ko ƙifta ido. Da can nakan ce ba su da kunya. Yanzu na daina cewa komai.

Yayata ta girme ni da shekara bakwai. Allo kawai ta yi, ba ta jin Faransanci, sai Hausa da Julancin kasuwa. Ta auri wani mai aikin dako a tashar jiragen ruwa suka zauna a unguwar Biyafara, can Tireshibil, ƙetaren gada. Da cikinta na fari ya tsufa aka dawo da ita gida wajen Inna, kamar yadda ake yi. Na tuna ƙafafunta. Sun kumbura har takalmi ya daina shiga, in na danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba, ni kuwa wasa na ɗauki abin. Zoben hannunta da sabulu aka cire shi. Takan ce tana ganin wasu 'yan taurari suna yawo a idonta da rana tsaka. Gwaggo, ƙanwar Baba da ke ɗakin da ke kallon namu, ta ce ai wannan alamar namiji ce, namiji ne ke taka uwarsa haka. Mace aka haifa, kuma Gwaggo ba ta taɓa yarda ta yi kuskure ba, ta ce yarinyar ce mai halin maza.

Naƙuda ta yi tsawo, har wata maƙwabciyarmu Bajula ta ce in ba a kai yarinyar nan matanite ba, wato asibitin haihuwa, ita za ta ɗauke ta a ka. Aka kai ta. Abin da kowa ya dawo yana faɗi shi ne, ɗakin cike yake da mata suna ihu suna kiran iyayensu, amma Yaya ko uffan ba ta ce ba, ta dai cije bakin zanenta har aka gama. Da za a sallame su ungozomar asibitin ta yi mata doguwar magana da Faransanci cikin sauri, tana buga yatsa a kan karne, wato ɗan littafin da suke rubuta bayanin mai haihuwa. Yaya ba ta ji ko kalma ɗaya ba, ga kunyar haihuwar fari, sai ta sunkuyar da kai tana gyaɗawa. Bajular da ta raka su ta riga ta fita neman tasi.

Na dawo daga lakwal da azahar na tarar tsakar gida cike da mata. Gwaggo ce ta hango ni. Ta ce, "Yauwa, ga 'yar lakwal. Zo nan mu ga amfanin wannan guntuwar rigar da kike sawa kullum. Me suka rubuta a kan yayarki?"

Aka miƙo mini karnen. Shekarata goma sha biyu. Rubutun ciki duk a murɗe yake kamar tafiyar tsutsa, ban iya fitar da komai ba, sai layi ɗaya a ƙasa da aka yi da jan biro aka ja masa layi biyu. An rubuta: TA élevée, à suivre. Jan biro a wurina na malama ne, da shi take rubuta yabo a littafin wadda ta yi ƙoƙari. Kalmar élevée na san ta, don malamarmu takan nuna yarinyar da ke gaisuwa ba ta surutu ta ce bien élevée, wato mai tarbiyya. À suivre ma na san shi, shi ake sawa a ƙarshen labarin jarida, an ce mana ma'anarsa za a ci gaba. TA kuwa na ɗauka ke ake nufi. Na haɗa su na ɗaga kai na ce, "Sun ce ke mai tarbiyya ce, ki ci gaba."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Ta ce, "Kun ji ko? Har baƙuwa ta shaida! Duk ɗakin haihuwar nan 'yarmu ce kaɗai aka ba takarda." Inna ta juya baya tana gyara itace don kada a ga fuskarta, amma na ga kafaɗunta. Wata ta ce in sake karantawa da Faransancin, na sake, mata suka kama kalmar suna juya ta a baki suna dariya, daga ranar sunan Yaya ya koma Ta'elebe. Har mijinta da shi yake kiranta in yana cikin raha.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, zan faɗa a nan. Na lura babu bien a layin. Na lura kuma TA ɗin da manyan baƙaƙe aka rubuta shi, ba yadda muke rubutawa a aji ba. Wani abu ya ɗan taɓa ni a ƙirji. Amma mata sun fi ashirin suna kallona, ranar ce ta farko da karatuna ya yi wa wani amfani, kuma Gwaggo ta riga ta buɗe baki za ta yi guɗa. Da na ce ban gane ba, da an aika wajen telan bakin titi wanda ya yi sakandare. Taku talatin ne tsakaninmu da shi. Ban ce ba.

Aka shiga wankan jego. Da hannuna na yi ta ɗiban ruwa ina cika rabin duro, a hura masa wuta har ya tafasa, safe da yamma, Gwaggo ta tsoma ganye tana fyaɗa wa Yaya a jiki, tururi ya cika bayan gida har Julawa suna cewa za mu dafa musu yarinya. In ta fito sai ƙwaryar kunun kanwa, mai kauri, kanwar ta ji har tana ɗaci. Ni ce mai jiƙa kanwar, ni ce mai tacewa. Wani lokaci Yaya takan ajiye ƙwaryar ta dafe ƙirji ta ce numfashinta ba ya kaiwa ƙasa, Inna ta ce sanyin haihuwa ne bai gama fita ba, a ƙara mata. Da aka yi arba'in aka yi mata kitso da lalle aka mayar da ita Biyafara, karnen kuwa ta naɗe shi cikin wani farin ƙyalle ta sa a ƙasan akwatinta tare da zannuwan aurenta.

Bayan wannan ta yi haihuwa bakwai, duk a gida, wajen wata tsohuwar ungozoma ta unguwarsu. Takan ce me za ta koma yi a matanite, ai ta riga ta karɓo takardarta. Kowane ciki ƙafafun sai sun kumbura, kan sai ya yi ciwo, biyu daga cikin 'ya'yan ba su zo da rai ba, muka ce haka Allah ya so, kuma haka ne. Tana sayar da waina da miya ga masu dako a hanyar tashar jiragen ruwa, kullum tana gaban wuta, in kan ya matsa ta sayi ƙwaya wajen masu tallan magani a faranti. Da shekaru suka ja, salla ta daina yanke mata, muka yi mata barka muna cewa ta huta, ta gama da wahalar mata. Ashe lokacin ne abin ya fito fili. Zufa ta riƙa karyo mata ana ruwan sama. Ɗan hawan da ke ƙofar gidansu sai ta tsaya sau biyu. Ƙafafun suka dawo da kumburinsu ba ciki ba goyo, tana dariya tana cewa, "Auta, dubi 'yan banzan nan, sun ɗauki ciki su kaɗai ba su yi shawara da ni ba." Wata safiya tana juya waina cokalin ya faɗi daga hannunta, ita ma ta bi shi ƙasa. Ɓarin jikinta na hagu bai sake tashi ba. Bakinta ya ɗan karkace, amma hankalinta garau yake, maganarta ma tana fita in an yi haƙuri.

'Yarta ta fari, wadda aka haifa ranar karnen, yanzu babbar mace ce, tana aiki a ofishin masu fitar da kaya daga tasha, Faransanci ya fi Hausa zama a bakinta. Ita ke kai uwarta asibiti, ni kuma in hau bas daga Ajame in ƙetare gada in raka su. Likitar wata yarinya ce da ba ta kai 'yar Yaya ba. Bayan ta ce hawan jini ne ya daɗe yana cin ta har ya taɓa zuciya da ƙoda, sai ta shiga tambaya: ciki nawa ta yi, nawa suka zo da rai, ƙafafu suna kumbura, kai yana ciwo, yaushe al'ada ta ɗauke. Na kasa haƙuri na ce da ɗan Faransancina, ina ruwan haihuwar da aka yi shekara arba'in da ciwon yau? Ta ce akwai ruwa ƙwarai. Ta ce sau da yawa ciki shi ke fara nuna inda jikin mace yake da rauni, jinin ya hau lokacin goyon ciki ya sauka bayan haihuwa, a ɗauka ya tafi, alhali yana nan yana jiran tsufa, musamman bayan ɗaukewar al'ada. Ta tambaya ko akwai wata tsohuwar takarda. Da aka fassara wa Yaya, fuskarta ta yi haske, ɓarin da ke motsi.

Ranar komawa da kanta ta riƙe ƙunshin a cinyarta cikin keken marasa lafiya, ba ta bari ko 'yarta ta taɓa ba. Ta miƙa wa likitar da hannun dama, ta ce wa 'yar, "Ce mata ta duba jan layin." Likitar ta warware ƙyallen a hankali don takardar ta yi laushi, ta duba, ta karanta a fili yadda masu aikin suke karantawa: tension artérielle élevée, à suivre. Ashe TA gajarcen hawan jini ne a wurinsu: jininta ya hau, a riƙa bibiyarta. Ta ɗago ta ce, "Ashe tun cikin fari an gani. Wa ya bibiye ta?"

Ni na ji kowace kalma. Na ji kamar an zare ƙasan kujerar da nake kai.

Yaya ta ce, "Me ta ce?"

'Yarta ta dube ni, ta dubi uwarta, ta ce, "Ta ce ta gani, Mama."

"To ki gaya mata ko uffan ban ce ba ranar. Ke ɗin nan da kika kusa kashe ni."

Likitar ba ta san abin da ake yi wa dariya ba, amma ta yi murmushi, Yaya kuwa ta ɗauka shaida ce ta biyu.

A waje, muna jiran tasi, 'yar ta ja ni gefe. Ta ce, "Tanti, Ta'elebe ɗin ke nan? Tun ina yarinya nake jin sunan nan ban taɓa ganin takardar ba. Wa ya karanta mata?" Na ce ni ce. Na zaci za ta yi faɗa, da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Sai ta kama hannuna ta ce mini yako, yadda ake ce wa wanda aka yi wa rasuwa a garin nan. Na ce zan gaya wa Yaya in nemi gafararta. Nan take ta saki hannun. Ta ce, "A'a, Tanti. Wallahi a'a. Kin san abin da ya rage mata? Wainar ta tafi, ƙafar ta tafi, Babanmu ya tafi. Duk wanda ya zo dubiya sai ta ba shi labarin nan. Ki karɓe shi ki ba ta me? Kuma an ce kada ranta ya ɓaci. In jinin ya sake hawa, ke za ki sauke shi?" Na ce to ni fa, in mutu da haƙƙinta a wuyana? Ta ce, "Ke kina da ƙafa biyu, ki ɗauka."

Na koma wajen likitar ni kaɗai wata rana, na jira har ta gama da kowa, na gaya mata komai har da kanwar. Ta ce yarinya ce ni lokacin, kuma kamata ya yi a nemo mai jin Hausa tun a can. Na ce ba wannan na zo tambaya ba. Da na karanta daidai, da Yaya tana tsaye yau? Ta ce ba wanda zai iya rantsuwa a kan haka. Na jira ta ce a'a. Ba ta ce ba.

Makon jiya da la'asar ina shafa wa Yaya man kaɗanya a ƙafar da ba ta ji, 'yarta tana wajen aiki, jiniyar wani jirgi tana tashi daga tasha. Na ce, "Yaya, ki yafe mini."

Ta ce, "Me kika ci nawa?"

"Ba ci ba ne. Wani abu ne tun muna Bromakote."

"Ɗankunnena da kika ɓatar? Ai na san ke ce, Auta. Tun ranar na sani."

Na ce ba shi ba ne. Maganar ta zo har bakina, ina jin ta a kan harshe, sai na ga jijiyar gefen goshinta tana bugawa, na tsaya ina kallonta. Ta gaji da jira ta ce, "Ke dai tun kina yarinya haka kike, ko tururuwa kika taka sai kin kwana uku kina tunani. Ko mene ne na yafe miki, duniya da lahira. Shafa mini ɗayar, ita ce mai ji."

Na shafa. Na dawo Ajame da nauyin da na tafi da shi.

Shi ya sa na rubuto. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan kuma yake da sani ya taimake ni da amsa, da Hausa, a fili, ba tare da lallashi ba. Ga masu aikin asibiti: matar da jininta ya hau a cikin fari, in an bi ta da awo da magani tun daga lokacin, ana iya kauce wa irin abin da ya sami Yaya, ko dama zai zo? Kunun kanwa da ruwan zafin nan, nawa ne rabonsu a ciki? Kuma gaskiya ne labari mai ɗaci yana iya sake kayar da mai irin wannan ciwo, ko tsoro ne kawai irin na 'ya? Ga malamai kuwa tambayata ɗaya ce. Yafiyar da mutum ya yi bai san abin da yake yafewa ba, ta sauke haƙƙi, ko sai na faɗa mata? In sai na faɗa ne, a gaya mini da wuri. Likitar ta ce ƙodar ba ta da sauran ƙarfi sosai, kuma jibi ma zan ƙetare gada in je in yi mata wanka.